SHARHI: Ƙarancin Shan Wuta Ya Zama Ma'aunin Ciniki A Kasuwar Ƙwaƙwalwar Kwamfuta

A cikin watan Agusta na shekarar 2025 ne gwamnatin Amurka ta ba da sanarwar cewa ta mallaki kimanin kashi 10 cikin 100 na hannun jarin kamfanin Intel, a kan kuɗi dala miliyan dubu 8 da miliyan 900, waɗanda dama tallafi ne da aka yi wa kamfanin alkawari tun da farko. Hakan ya biyo bayan asarar dala miliyan dubu 18 da miliyan 800 da kamfanin ya tafka a shekarar 2024. Wannan kuwa shi ne kamfanin da ya yi shekara da shekaru yana cin karensa ba babbaka a kasuwar ƙwaƙwalwar kwamfuta, wato ɗan gutsuren nan da ake kira furosesa, wanda shi ne ke yin duk wani lissafi a cikin na'ura.

Dalilan da suka jefa Intel cikin wannan hali suna da yawa, ciki har da jinkirin da masana'antunsa suka yi wajen sabunta hanyoyin ƙira. To amma akwai guda ɗaya da ya cancanci 'yan kasuwa su tsaya su nazarce shi da kyau, domin ya shafi aljihun duk mai saye ko sayar da kwamfuta. A da can, idan mai saye ya shiga kanti, abin da yake tambaya shi ne saurin na'ura. A yau tambayar da ke yanke ciniki ita ce, aiki nawa na'urar ke yi da kowane wat na wutar lantarki da ta sha? Wanda ya yi sakaci da wannan tambaya ya ji a jikinsa. Haka nan kuma tarihin gasar ya tabbatar da cewa ƙarancin shan wuta shi kaɗai bai taɓa kai wani kamfani ga nasara ba, sai ya haɗa da manhajojin da jama'a suka saba aiki da su.

Domin a fahimci asalin maganar, ya kamata a san cewa a cikin kowace furosesa akwai miliyoyin maɓallan wuta 'yan mitsi-mitsi da ake kira taransista. Duk sa'ad da ɗayansu ya kunnu ko ya mutu, sai ya sha wuta kaɗan, wutar nan kuma ta rikiɗe ta zama zafi. Idan ana so furosesa ta ƙara sauri, akan tilasta a ƙara mata ƙarfin wutar da ke tura ta, shan wutar kuwa ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da wannan ƙari, domin in aka ninka ƙarfin sau biyu, abin da za ta sha yakan ninku har sau huɗu. Shekaru da dama masu ƙira sun kauce wa wannan matsala ta hanyar rage girman taransista a kai a kai, amma a wajajen shekarar 2004 dabarar ta fara gazawa. A wannan shekara wasu samfuran Pentium 4 na Intel sun haura wat 100, har kamfanin ya soke shirinsa na fitar da mai saurin gigahaz 4. Tun daga nan kiɗa ya canja.

Abokin hamayyar da ya fi cin moriyar wannan canji ya fito ne daga birnin Kambirij na ƙasar Ingila. A watan Afrilu na shekarar 1985 wani ƙaramin kamfani mai suna Acorn ya gwada furosesa ta farko ta tsarin ARM, wadda Sophie Wilson da Steve Furber suka jagoranci zanawa, mai ɗauke da taransista kimanin 25,000 kacal. Rashin isassun kuɗi da ma'aikata ne ya sa suka sauƙaƙa zanen, sauƙin nan kuwa ya haifar da ƙarancin shan wuta. A watan Nuwamba na 1990 aka kafa kamfanin ARM mai zaman kansa, da haɗin gwiwar Acorn da Apple da kuma VLSI Technology.

Abin lura ga ɗan kasuwa a nan shi ne salon cinikin da ARM ya ɗauka. Bai gina masana'anta ko ɗaya ba. Zane yake yi, ya ba wasu kamfanoni lasisi su ƙera, sa'an nan ya karɓi 'yar la'ada a kan kowace furosesa da aka sayar. Intel kuwa shi ke zanawa, shi ke ƙerawa, shi ke sayarwa, ya kwashe ribar baki ɗaya, kuma in ban da AMD babu wani babban kamfani da ke da izinin ƙera tsarinsa na x86, wanda ya samo asali daga furosesa 8086 ta shekarar 1978. Sabili da haka, yayin da kamfanoni biyu ke tsaron x86, ɗaruruwan kamfanoni ne ke kashe kuɗinsu wajen kyautata ARM. Hausawa dai sun ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Ya zuwa yanzu, bisa alƙaluman kamfanin, an ƙera furosesa fiye da miliyan dubu 300 a kan tsarin ARM, kuma kusan duk wayar salula ta zamani da ke hannun jama'a da shi take aiki.

Ba za a ce damar ba ta zo wa Intel har ƙofar gida ba. Kamfanin yana da sashen da ke ƙera furosesa ta tsarin ARM mai suna XScale, amma a shekarar 2006 ya sayar wa kamfanin Marvell a kan dala miliyan 600. A daidai wannan lokaci kuma Apple ya nemi wanda zai ƙera masa ƙwaƙwalwar wayarsa ta iPhone, wadda ta fito a 2007. Shugaban Intel na wancan zamani, Paul Otellini, ya bayyana da bakinsa a shekarar 2013 cewa kamfaninsa ya bar cinikin ya wuce domin farashin da aka taya bai kai abin da suka yi ƙiyasin za su kashe ba. Kamfanin da ya saba cin riba mai kauri a kan kowace furosesa bai ga dalilin wahala a kan 'yar ƙaramar riba ba. Raina kama ka ga gayya.

Da kwamfutar hannu mai siffar allo, wato tabulet, ta mamaye kasuwa bayan fitowar iPad a 2010, sai Intel ya farga, ya tura furosesarsa mai ƙarancin shan wuta da ake kira Atom, wadda ya fara fitarwa tun 2008. Ganin cewa masu ƙera tabulet ba su da sha'awa, sai kamfanin ya shiga biyan su tallafi domin cike giɓin farashi tsakanin kayansa da na ARM. A shekarar 2014 ya cim ma burinsa na shiga cikin tabulet sama da miliyan 40, amma sashen da ke kula da wannan harka ya yi asarar dala miliyan dubu 4 da miliyan 200 a wannan shekara kaɗai, ban da fiye da dala miliyan dubu 3 da ya rasa a 2013. A watan Afrilu na 2016 Intel ya soke sabbin samfuran Atom da ya shirya wa wayoyi, ya kuma ba da sanarwar sallamar ma'aikata 12,000. Kasuwar da aka saya da tallafi takan watse ranar da tallafin ya ƙare.

To amma fa kada a ɗauka cewa 'yan ɓangaren ARM ba su sha kaye ba. Da suka yi yunƙurin kutsawa cikin gidan Intel, su ma sun dawo da rauni. A shekarar 2012 Microsoft ya fitar da Windows RT tare da tabulet ɗinsa na Surface RT mai furosesar ARM. Batirinsa yana daɗewa, amma tsofaffin manhajojin Windows da ofisoshi suka dogara da su ba sa tafiya a kansa. Jama'a suka juya masa baya, har a watan Yuli na 2013 kamfanin ya rubuta asarar dala miliyan 900 a kan kayan da suka yi kwantai. Haka abin ya kasance a kasuwar uwar garke, wato manyan kwamfutocin nan da ke ɗauke da ayyukan bankuna da kamfanonin sadarwa da intanet. Kamfanin Calxeda, wanda ya yi alkawarin uwar garke mai ƙarancin shan wuta, ya rufe a ƙarshen 2013. Qualcomm ya fitar da Centriq a 2017, amma bai cika shekara biyu ba ya janye jiki. Na'urorin ba su da laifi ta fuskar wuta. Abin da suka rasa shi ne manhaja, da kuma babban mai saye da zai ɗauki nauyin sauya ta.

Waɗanda suka warware wannan ƙulli su ne kamfanonin da ke riƙe da na'ura da manhaja a hannu ɗaya. A watan Nuwamba na 2020 Apple ya fitar da furosesa M1 mai taransista miliyan dubu 16, wadda ya zana da kansa a kan tsarin ARM, bayan da ya yi shekaru 10 yana ƙwarewa a kan iPhone da iPad. Kwamfutar tafi-da-gidanka ta MacBook Air da ta zo da ita ba ta da fanka ko ɗaya a ciki, kamfanin kuma ya ce batirinta na iya kaiwa sa'o'i 18. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne, Apple ya haɗa da wata manhaja mai suna Rosetta 2 da ke yi wa tsofaffin manhajoji tafinta, ta yadda mai saye bai rasa abin da ya saba da shi ba. Zuwa watan Yuni na 2023 Apple ya kammala raba gari da Intel a duk sabbin kwamfutocinsa.

A fagen uwar garke kuwa, Amazon ne ya buɗe hanya. Ya sayi kamfanin Annapurna Labs na ƙasar Isra'ila a 2015, ya fitar da furosesarsa ta Graviton a 2018, kuma da yake shi ne mai saye, shi ne kuma mai ba da hayar kwamfutocin, ba ya buƙatar rarrashin kowa. A watan Disamba na 2024 kamfanin ya bayyana cewa fiye da rabin sabon ƙarfin furosesa da ya girka a cikin shekaru biyu da suka gabata na Graviton ne. Microsoft ya bi sahu da Cobalt a 2023, Google kuma da Axion a 2024. Dalilin a fili yake. Hukumar Makamashi ta Duniya ta ƙiyasta cewa cibiyoyin adana bayanai sun sha kimanin kashi 1.5 cikin 100 na wutar lantarkin duniya a 2024, kuma tana hasashen abin zai ninka fiye da sau biyu nan da 2030. A irin waɗannan cibiyoyi ana biyan kuɗin wuta sau biyu, na tafiyar da na'ura da na sanyaya ta, ga shi kuma wutar da ake iya jawowa zuwa gini ɗaya tana da iyaka. Duk wat ɗin da aka rage ƙarin wuri ne na wata na'urar da za ta kawo kuɗi.

Duk da haka, wanda ya yi gaggawar yi wa x86 jana'iza zai yi kuskure. Kamfanin AMD, a ƙarƙashin jagorancin Lisa Su tun 2014, ya farfaɗo da tsarinsa na Zen a 2017, ya riƙa ƙwace kasuwa daga hannun Intel ba tare da barin x86 ba. Intel da kansa ya fitar da Lunar Lake a watan Satumba na 2024, wadda ta nuna cewa kwamfutar x86 ma tana iya wuni a kan batir. A watan Oktoba na wannan shekara tsofaffin abokan gabar nan biyu suka kafa kwamitin haɗin gwiwa don kare tsarinsu, abin da ke nuna irin matsin da suke ciki. Kwamfutocin Windows masu furosesar Snapdragon X ta Qualcomm, da suka shiga kasuwa a watan Yuni na 2024, sun gyara yawancin kurakuran Windows RT, amma ƙiyasin masu nazarin kasuwa ya nuna ba su kai kashi 1 cikin 100 na kwamfutocin da aka sayar a duniya a rubu'i na uku na shekarar ba. Wasu manhajoji, da wasu tsofaffin injinan buga takardu, har yanzu sukan ƙi jituwa da su.

Daɗin daɗawa, bambancin shan wuta bai ta'allaƙa ga sunan tsari kaɗai ba. Ya danganta ƙwarai da ƙwarewar masu zane da kuma masana'antar da ta ƙera. M1 ta Apple da sabbin furosesa na AMD, har ma da babban ɓangaren Lunar Lake ta Intel, duk a masana'antun kamfanin TSMC na Taiwan aka ƙera su. Ke nan masu gasar suna kokawa a bainar jama'a, amma maƙera guda suke kai aikinsu. Wannan abin dubawa ne, domin duk wata tangarɗa a tsibirin, ta siyasa ko ta girgizar ƙasa, za ta taɓa farashin kwamfuta a kowace kasuwa, kamar yadda ƙarancin kayan da aka yi fama da shi tsakanin 2020 da 2022 ya nuna.

Shi ma ARM ba waliyyi ba ne. Kamfanin SoftBank na Japan ya saye shi a 2016 a kan kimanin dala miliyan dubu 32. Yunƙurin Nvidia na mallakarsa a kan dala miliyan dubu 40 ya wargaje a watan Fabrairu na 2022 saboda adawar hukumomin hana babakere, sa'an nan aka kai hannun jarinsa kasuwar Nasdaq a watan Satumba na 2023. Masu jari riba suke jira, ribar kuwa daga la'ada za ta fito. ARM ya kai Qualcomm ƙara a 2022 a kan sharuɗɗan lasisi, ko da yake masu taimaka wa alƙali a jihar Delaware sun goyi bayan Qualcomm a manyan batutuwan a watan Disamba na 2024. Irin wannan taƙaddama ce ke ƙara wa tsarin RISC-V farin jini, wanda aka fara a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 2010, kuma ba a biyan kowa kuɗin lasisi a kansa. Kamfanonin ƙasar Sin sun rungume shi sosai, sai dai shi ma matsalar manhaja tana gabansa.

Mene ne rabon ɗan kasuwar ƙasar nan a cikin wannan fafatawa? Na farko dai lissafin wuta ne. A watan Afrilu na 2024 hukumar kula da harkokin wutar lantarki ta Nijeriya ta ɗaga farashi ga masu rukunin A zuwa Naira 225 a kan kowane kilowat na sa'a guda. A ɗauka wata cibiyar koyar da kwamfuta tana da tsofaffin na'urorin kan tebur guda 50, kowace na shan wat 150, ta musanya su da ƙanana masu shan wat 30. Bambancin ya kama kilowat 6. A cikin sa'o'i 8 na aiki, bisa wancan farashi, an tsimi Naira 10,800 a rana, wato sama da Naira 280,000 a kwanakin aiki 26. Ga wanda ya dogara da janareta, tun bayan janye tallafin man fetur a 2023, tsimin ya fi haka. Ga mai shirin girka na'urar hasken rana kuwa, kilowat 6 ɗin nan faranti ne da batura masu yawa da ba sai ya saya ba. Tsohuwar kwamfuta mai araha a kanti takan zama mai tsada a ƙarshen wata.

Na biyu shi ne batun kayan da ke jibge a shaguna. Masu shigo da kwamfutoci na hannu, a kasuwar Computer Village ta Ikeja ko Farm Centre ta Kano ko Banex ta Abuja, ya kamata su lura cewa Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, in ban da ga wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi, kuma Windows 11 a hukumance ba ta karɓar akasarin furosesar Intel da suka girmi zubi na 8. Haka kuma Apple ya sanar a watan Yuni na 2025 cewa macOS Tahoe ce ta ƙarshe da za ta yi aiki a kan kwamfutocinsa masu furosesar Intel. Irin waɗannan kaya za su ci gaba da kwararowa daga Turai da Amurka da araha mai ruɗi, daidai lokacin da darajarsu ke zubewa. Wanda ya zuba jarinsa a kansu ba tare da lissafi ba, kwantai zai kwasa. Su ma masu gyara su kwana da sanin cewa a yawancin sabbin na'urori masu ƙarancin shan wuta, an liƙe ma'adanar aiki a jikin furosesa ko allon na'ura, ba a iya ƙara ta daga baya, sabili da haka tilas a zaɓi wadatacciya tun ranar saye.

Na uku ya shafi ma'aikatun gwamnati da bankuna da makarantu, waɗanda ke sayen kwamfuta ɗaruruwa a lokaci guda. Al'adar rubuta sunan furosesar kamfani guda a takardar neman 'yan kwangila ta tsufa, tana kuma toshe ƙofar gasa. Abin da ya fi dacewa shi ne a rubuta aikin da ake so na'ura ta yi, da iyakar wutar da aka yarda ta sha, da shekarun da mai ita ya yi alkawarin sabunta manhajarta. Kafin a sa hannu a kan kwangila kuma, a ɗauki samfuri guda a gwada shi da manhajar lissafin kuɗi da injin buga takardu da na'urar ɗaukar zanen yatsa da ake amfani da su a ofishin. Gwajin mako ɗaya ya fi da-na-sanin shekara biyar.

Babu wanda zai iya cewa ga wanda zai yi nasara a ƙarshen wannan gasa, wataƙila ma ba za a sake samun kamfani ɗaya da zai riƙe kasuwar kamar yadda Intel ya taɓa yi ba. Wannan kuwa alheri ne ga mai saye, muddin ya san abin da zai tambaya. Tambarin da ke manne a jikin na'ura ya daina wadatarwa. Wat nawa take sha, manhajar aiki tana tafiya a kanta, kuma har yaushe za a ci gaba da sabunta ta? Ɗan kasuwar da ya samu gamsassun amsoshin waɗannan tambayoyi uku kafin ya zaro kuɗinsa, shi ne zai ci ribar kokawar da manyan kamfanonin ke yi.